Na'ura Mai Lamba Biyu

Argungu,
Litinin, 5 ga Mayu.

Zuwa ga tobashiyata Ummu Hani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Sunusi da yara. Yaya Kawu da ciwon ƙafar nan tasa? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya kori kowa daga ɗaki. Inna ta warke daga murar da ta yi, har ta koma faɗa, kin ga sauƙi ya samu ke nan.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Dikko direba. Ke kika jawo. Tun ranar da kika fitar da ni daga zauren waya na masoya gem ɗin ƙwallon nan, Sarkin Raga, na rantse da Allah ba zan ƙara ɗaga wayarki ko in buɗe saƙonki ba sai kin mayar da ni. Rantsuwa ba abin wasa ba ce, kuma ba ni da niyyar yin kaffara saboda ke. Ita takarda ba ta da shugaba, babu wanda zai danna wani wuri ya kore ni daga cikinta.

Wai me na faɗa da ya yi zafi haka? Cewa na yi sabon zubin Sarkin Raga da kamfanin nan ya fitar kyan ɗan maciji ne. Na kuma ce duk wanda ya sayi sabuwar na'urar a wannan farashi, a kai shi a duba shi. Ban kama sunan kowa ba. Idan mutum goma sha biyu a zauren sun ji haushi, su suka san abin da suka saya.

Ba jita-jita na bi ba, na je gidan wani ɗan kasuwa nan Argungu na riƙe hannun gem ɗin da kaina. Na yarda ciyawar filin tana kaɗawa, 'yan wasa suna gumi, har ruwan sama ake yi a ciki. To ni ciyawa na zo kallo? Ina da ita a fadama, biya ma nake yi a cire mini ita. Ƙwallon ta yi nauyi kamar an jiƙa ta. Wasan da muka sani tun muna samari, wanda in ka danna yanzu ɗan wasa ya juya yanzu, sun ɗauko shi sun jibga masa babbar riga, ya kasa gudu. Ba ya tashi sai da intanet, kuma kowane wata sai ka sake biya, alhali ka riga ka sayi abinka.

Ita kuwa na'urar, na tambayi kuɗinta na mayar da shi shinkafa, don da ita na fi gane lissafi. Buhu ashirin da biyar na shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Noman rani guda cur, da man injin ban ruwa da taki da korar tsuntsu, duk a kan akwati ɗaya da mutum biyu kawai za su zauna gabansa. A ɗakinmu na gem mutum takwas ke bugawa lokaci guda, kowa da 'yar naira ɗarinsa.

Na kuma ji ƙishin-ƙishin daga bakin Inna, wai kin faɗa wa Kawu gidan gem ɗinmu ya tsufa. Kifi na ganinki, mai jar koma. Na san rabin ɗakin naki ne tun da Kawu ya mallaka miki kason marigayi Abdussamadu, ban taɓa musu ba. Amma na'urorin nan huɗu da ni da yayanki muka fara da su suna nan inda suke. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ki gaishe mini da Kawu da kyau. Ke kuma gaisuwar da na yi a sama ta ishe ki.

Naki,
Tamba.


Gwadangaji, Birnin Kebbi,
Laraba, 7 ga Mayu.

Zuwa ga bawana Tamba,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, yau da ita ya taka zuwa masallaci. Ka gaishe mini da Gwaggo Laure, ka ce mata ina nan tafe bayan jarrabawar ɗalibai.

Takardarka ta iso tana warin albasa, rubutun kuma kamar kaza ta bi ta kan tawada. Da ɗalibata ce ta kawo mini shi da na sa ta sake. Duk da haka na karanta, na yi dariya har Malam ya tambaye ni ko lafiya.

Ba don ra'ayinka na fitar da kai ba, don bakinka ne. Ka ce a kai mutane a duba su, a cikinsu har da likita. Ba zan mayar da kai ba sai ka rubuta ban haƙuri, in ka ga dama ka riƙe rantsuwarka har ta yi furfura.

Maganar sabon zubi kuwa, ni ma ba ji na yi ba. Na buga shi a gidan ƙanen Malam, ba sau ɗaya ba. Ƙwallon ba ta yi nauyi ba, hannunka ne ya saba da abu ɗaya shekara goma sha biyar, sabo kuwa turken wawa ne. Ka manta wa kake faɗa wa wasan nan? Ni ce fa Yaya Abdussamadu ya koya wa shi a tsakar gida, yana ɗauko na'ura daga ɗakin da rana don mata ba sa shiga can. Har yau ƙafata ba ta taɓa taka ɗakin nan ba, amma ka tuna wadda ta ci ka uku ba ko ɗaya ranar sunan 'yata Fiddausi.

Tsada kam akwai tsada, ban ce babu ba. Amma ka zo Birnin Kebbi ka ga yadda ake layi a gidajen da suka sa sabuwar. Samari daga Ambursa suke hawo kabu-kabu su zo, su biya ninki biyar suna murna. Kai kuma Gwaggo ta faɗa mini wata ranar ƙudaje sun fi mutane yawa a ɗakinka. Abin da ke ci mini rai ke nan, Tamba. Wurin da yayana ya kafa da guminsa yana mutuwa a hankali, kai kana zaune kana yi wa mutane wa'azin ciyawa. Ba na son ranar da za a ce an rufe shi an mayar da shi wurin ajiye albasa.

Ga abin da na shirya. Akwai Alhaji Maigandi a babbar kasuwa, yana sayen tsofaffin na'urori, ya wanke katin ajiyarsu tas, ya kai su ƙetaren iyaka ta Kamba. Ya yi wa namu huɗun kuɗi mai kyau. In na ɗora adashen da zan kwasa ƙarshen wata, za mu sayi sabuwa. Ban nemi ko sisi daga shinkafarka ba.

Idan kana da hujjar da ta wuce tsohuwar zuma, ka rubuto kafin Talata mai zuwa. In ban ji ka ba, shiru ma amsa ce.

Uwargijiyarka,
Ummu Hani.


Argungu,
Juma'a, 9 ga Mayu.

Ummu Hani,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin labarin ƙafar Kawu, Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya. Gobe da safe zan sauka fadama yankan shinkafa, zan yi mako a can, makullin ɗakin yana wurin Inna. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan yau, in damƙa wa Dikko hannu da hannu.

Uku ba ko ɗayan nan, hannun da aka ba ni ranar maɓallinsa ɗaya ya mutu, kowa ya sani. Mu bar wannan.

Kin nemi hujja. Ban so faɗa ba, don ba na son a ce na fake da mamaci a kan gardamar gem. Amma tun da kin kawo mai wanke kati, dole in buɗe baki.

A na'ura mai lamba biyu, wadda ke kusa da taga, akwai katin ajiya. Shekarar da muka buɗe ɗakin, yayanki ya yi sati uku yana zaune yana goge sunayen 'yan wasan Turai ɗaya bayan ɗaya, yana sa sunayen samarin unguwa. Ya kira ƙungiyar Kabawa. Maliki yana baya, shi da ya tafi Legas bai ƙara waiwayo mu ba. Abbas yana gefen dama, yanzu limami ne, in ka tuna masa sai ya kau da kai yana murmushi. Sirajo da ya shiga soja yana tsakiya. Ni lamba shida. Shi kuma ya sa kansa a raga, ya ba kansa ƙarfin da ya fi na kowa ƙanƙanta, wai don kada a ce ya yi son kai. Sauran sunayen sai kin gani da idonki.

Katin farko an sace shi, sai da ya sake aikin daga tushe. Da ya gama na biyu ya tsiyaya masa gam mai ƙarfi ya danna shi cikin ramin, ya ce ɓarawon da ya isa ya zo ya cire. To ya kuwa yi maganin ɓarawo, har da mu. Na kai wa mai gyara, ya ce ba zai fita ba sai dai a fasa shi. Ramin kati na biyu kuma ya mutu tun shekarar ambaliya, don haka babu hanyar kwafe shi. Wanda ya sayi na'urar ya sayi katin.

Tun da ya rasu, shekara takwas ke nan, akwai doka a rubuce a bango: a buga, kada a ajiye. Duk wanda ya gama wasa da Kabawa, in na'ura ta tambaye shi ko za a ajiye, a'a yake dannawa. Ƙungiyar tana nan yadda ya bar ta, da ranar da ya taɓa ta ƙarshe. Yaran da ba su san shi ba ma sun san dokar, su ke tsawata wa baƙo.

Sabon zubin da kike yabo ba ya barin ka canza sunan kowa. Na tambaya. Sunayen nasu ne, sai dai ka biya su ba ka aron su.

Gaskiyarki ɗaya, mutane sun ragu, abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa. In kin matsa, ki sayar da ukun, zan yi fushi in huce. Amma mai lamba biyu, ko buhu ɗari aka aza mini a ƙofar gida ba za ta fita ba. Ban haƙurin zaure kuma ba zan rubuta ba.

Tamba.


Gwadangaji,
Alhamis, 15 ga Mayu.

Bawana Tamba,

Ina gaisuwa. Ina fatan yankan shinkafa ya yi albarka, Gwaggo ta ce kana fadama tun Asabar. Mu nan lafiya, sai Fiddausi da ta yi ɗan zazzaɓi, ta kuma tashi.

Talata ta zo ta wuce ban ga takarda ba. Na kira ka sau biyu, na san kana kallon sunana kana juya wayar. Na ce to, mai baki ya rasa abin faɗa, girman kai ne kawai ya hana shi cewa na yarda. Na ɗauke maka wannan nauyin.

Jiya Alhaji Maigandi ya je Argungu da motarsa. Gwaggo ta buɗe masa ɗakin da hannunta. Ya ce har rakiya ta yi masa tana cewa, "Ku kwashe su duka, tun da anka buɗe ɗakin ga ba shi tahiya gona da wuri." Ya kwashe huɗun, ya biya, kuɗin yana hannuna. Ƙarshen wata zan kawo sabuwar da kaina, in ya so ranar in taka ɗakin nan, wanda zai hana ni ya fito.

Na san za ka kumbura. Ka kumbura, in ka ga layi ya kai bakin titi za ka sace. Da Yaya yana raye da shi ne farkon wanda zai rungumi sabon abu, ka fi ni sanin halinsa.

Wani direba na ba wa wannan, don kwana biyu ban ga Dikko a tasha ba.

Ummu Hani.


Argungu,
Asabar, 17 ga Mayu.

Ummu Hani,

Sallama. Lafiyar jiki akwai.

Na dawo na tarar da tebur huɗu da ƙura a kansu, da takardarki. Na je tasha na kamo Dikko. Ashe lodin albasa ya samu zuwa Kamba, motar ta lalace masa a can, wasiƙata tana maƙale a saman gilashi tun ranar Juma'ar. Ga ta nan na haɗa da wannan. Ki karanta ta tukuna.

Ban yi wa Inna faɗa ba, ba ta sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Ni da na sani na ga kiranki sau biyu na juya waya, don kada in yi azumin kwana uku. Wannan nawa ne, zan ɗauka.

Amma kada ki kawo mini sabuwar. In ta shigo ta ƙofa, ni zan fita ta taga.

Tamba.


Gwadangaji,
Litinin, 19 ga Mayu.

Ɗan'uwana Tamba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kai ma ka samu ka ci abinci, don na san halinka in ranka ya ɓaci. Ka gaishe da Gwaggo.

Jiya da hantsi Dikko ya kawo takardun biyu, yana ta ba da haƙuri. A tsaye na karanta su a ƙofar gida. Da na zo wurin gam na san aikin Yaya ne, shi ne ya taɓa liƙe murfin rediyon Baba don kada mu cire batir. Na tuna Maigandi ya ce Litinin zai yi lodi. Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba, na tare kabu-kabu sai kasuwa.

Na same shi cikin kaya, na'urori sun fi talatin a tule. Ukunmu an riga an wanke su an ɗaure a kwali. Ta huɗun tana gefe a kan benci, da sukundireba a kusa da ita. Ashe ya yi ta fama da katin ya ƙi fita, ya ajiye ta sai ya ci abinci ya zo ya ɓalle shi.

Ban nuna masa komai a fuska ba. Na ce Alhaji, na zo neman gafara, na sayar maka da kaya mai aibi ban faɗa maka ba, shari'a ta ce in karɓi abina in mayar maka da kuɗinka. Na zaci na yi wayo. Ɗan kasuwa ne fa, ya dube ni ya dubi takalmina, ɗaya nawa ɗaya na Malam. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ni na yahe aibin. Ciniki ya hwaɗa, an ce Allah shi sa albarka."

Na ƙara masa a kan abin da ya biya, ya ƙi. Ya ce abin da ya sa mace ta fito da takalmi wari-wari ba ƙaramin abu ba ne, sai ya san ko mene ne. Ni kuwa na jawo kujera na zauna a bakin shagon, na aza hannu a kan na'urar, na ce nan zan wuni, in ya so ya loda ni zuwa Kamba tare da ita. Duk wanda ya zo ciniki sai ya tsallake ni. Azahar ta yi ina nan. Maƙwabtansa suka fara leƙowa, wasu suna ba shi baki, wasu suna ba ni.

Da abin ya ishe shi ya ce a jona ta a talabijin, ya ga zinaren da ke ciki. Ni na riƙe hannun gem ɗin. Na shiga wurin ƙungiyoyi, ga Kabawa. Ga kwanan wata a ƙasa, kwana tara kafin rasuwarsa. Na fara karanta sunayen da ƙarfi don 'yan kasuwa su ji. Abdussamadu a raga. Maliki. Abbas. Tamba, wanda aka ba gudun da bai taɓa yi ba a duniya. Ina sauka har na kai lamba tara.

Tamba, kai mugu ne. Shekara goma sha biyar sunana yana cikin ɗakin da aka ce ba na shiga, da ɗamarar kyaftin a hannu, samarin Argungu suna cin ƙwallo da ni, ba ka taɓa faɗa mini ba. Ban iya karanta shi ba. Wani mai sayar da caja ne ya karanta, ya ce wace ce Ummu Hani. Na yi kuka a tsakiyar kasuwa, ni da ko a makaranta ba a taɓa ganin hawayena ba, kuma ban ji kunya ba.

Maigandi ya matso ya dubi sunan a talabijin. Can ya ture sukundireban gefe, ya ce, "Ɗauki abinki ki tahi. Ki ba ni abin da na biya, kar ki ƙara ko kwabo." Ukun kuwa ya ce sun riga sun shiga lissafin lodi, ban ja da shi ba.

Kada ka ɗauka ka ci gardama. Har gobe ina nan a kan bakana, sabon zubin ya fi kyau, kuma hannunka ne ya tsufa. Amma ba zan saye shi ba. Na rubuta a zaure cewa duk wasan da ba zai bar ka ka sa sunan ɗan'uwanka a ciki ba, ba naka ba ne ko nawa ka biya, su riƙe abinsu sai ya sauko. Mutum goma sha biyun nan sun taso mini, ina daidai da su. Na mayar da kai ba tare da ban haƙuri ba, don ina bukatar mai baki irin naka. Rantsuwarka ta sauka, ka ɗaga waya.

Kuɗin ukun yana nan, ka zo mu zauna mu ga yadda za a cika teburan. Na'urar kuma ba zan ba Dikko ba, ko da zai rantse da Alƙur'ani. Ka zo da kanka ranar Asabar, ka zo da hannun da maɓallinsa bai mutu ba.

Bayan la'asar na jona ta a ɗakina, ni da Fiddausi. Na ɗauki Kabawa. An ci Yaya biyu kamar yadda ya saba, ni kuma na rama masa uku. Da aka tashi, na'urar ta tambaye ni ko za a ajiye. Na danna a'a.

'Yar'uwarka,
Ummu Hani.